Masoya da Masu Sharhi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rigimar Batman v Superman

Tun ranar 25 ga Maris 2016 da fim ɗin Batman v Superman: Dawn of Justice ya shiga sinimomin Amurka, ba a daina ja-in-ja a kansa ba. Masu sharhin fina-finai a jaridu sun yi masa kaca-kaca, masoyansa kuma suka ɗauki abin da zafi, har ta kai ga zagi da barazana da takardun koke. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan rigima.

Wane fim ne wannan, kuma me ya sa aka ɗora masa buri haka?

Superman da Batman su ne manyan jaruman kamfanin DC, mai buga littattafan labarin zane a Amurka. Superman ya fara fitowa a 1938, Batman ya biyo baya a 1939, amma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa haɗa su a babban fim na sinima da mutane ke fitowa a ciki ba sai a 2016. Kamfanin fina-finai na Warner Bros., wanda DC ke ƙarƙashinsa, ya zuba wajen dala miliyan 250, ya damƙa aikin a hannun darakta Zack Snyder. Ben Affleck ya fito a Batman, Henry Cavill a Superman, Gal Gadot a Wonder Woman.

Ga kuma kishiya a gefe. Marvel, wani kamfanin labarin zane na jarumai wanda Disney ta saya a 2009, ya riga ya yi nisa wajen sarƙa fina-finansa, wannan na jan wancan, kuɗi na shigowa. Da wannan fim Warner ya so ya kamo shi. Masoyan DC sun yi shekara kusan uku suna jira tun daga sanarwar da aka yi a 2013.

Me masu sharhin suka ce da ya tayar da ƙura?

Yawancinsu bakinsu ya zo ɗaya: fim ɗin ya cika duhu da ɗaure fuska, labarin ya cukurkuɗe, an cusa abubuwa da yawa don share fagen fina-finan gaba, kuma dalilin faɗan jaruman biyu bai zauna ba. An soki yadda Jesse Eisenberg ya taka rawar Lex Luthor, bos ɗin fim ɗin. An soki Batman da ke kashe mutane ba ƙaƙƙautawa da Superman da ba ya ko murmushi. Da yawa daga cikinsu sun yaba wa Affleck da Gadot da kyan hoto, sai dai a lokacin ba wanda ya tsaya sauraron yabon. Kowa idonsa na kan wata lamba guda, ta shafin Rotten Tomatoes mai tattara sharhin fina-finai, wadda ta tsaya ƙasa da kashi 30 cikin ɗari.

Wace ce Martha da ake ta yi wa fim ɗin ba'a da ita?

A ƙarshen faɗan, Batman cikin sulken ƙarfe ya kayar da Superman, ya taka masa wuya, ya ɗaga mashi mai koren dutsen nan da ke karya lagonsa. Superman, da ƙyar murya ke fita, ya roƙe shi ya ceci Martha. Batman ya tsaya cak, ya shiga daka masa tsawa yana tambayar dalilin ambaton wannan suna. Sai Lois Lane, budurwar Superman, ta shigo a guje ta ce sunan mahaifiyar Superman ne. Mahaifiyar Batman da aka harbe a gabansa yana yaro ita ma sunanta Martha. Nan ya jefar da mashin, gaba ta ƙare.

Masu sharhi suka ce wannan rainin hankali ne: a shafe sama da awa ɗaya da rabi ana hura wuta, sannan a kashe ta da sunan uwa. Masoya suka ce ba sunan ne ya sauya zuciyar Batman ba. A wannan lokacin ne ya fara ganin Superman a matsayin ɗan wata, mai uwa kamar kowa, ya kuma gane cewa shi kansa ya koma irin mutumin da ya kashe masa iyaye. Sunan ba ƙirƙirar Snyder ba ce, haka yake a littattafan tun da daɗewa: Martha Wayne, uwar Batman, da Martha Kent, wadda ta raini Superman.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Tunanin da ke bayan wurin mai kyau ne. Yadda aka rubuta shi ne ya gaza, domin ba ɗan da zai ga mutuwa ido da ido ya kira mahaifiyarsa da sunanta na yanka. An tilasta wa bakin Superman faɗar kalmar don kawai labari ya juya, kuma mai kallo yana jin tilascin.

Ina ma'anar wannan lamba ta Rotten Tomatoes? Maki ne kamar na jarrabawa?

A'a, kuma rabin rigimar daga nan ta taso. Shafin, wanda aka kafa a 1998, ba ya rubuta sharhi da kansa. Tattara sharhin ɗaruruwan marubuta yake yi, ya raba su gida biyu kawai: wanda ya ce fim ya yi, da wanda ya ce bai yi ba. Sai ya fitar da kason waɗanda suka ce ya yi. Daga kashi 60 zuwa sama a manna wa fim jan tumatir, ƙasa da haka a manna masa ruɓaɓɓe.

Duba abin da wannan lissafi ke haifarwa. Idan masu sharhi ɗari duk suka ce fim ba laifi, suka ba shi 6 cikin 10, zai tashi da kashi 100. Idan hamsin suka ce ba su taɓa ganin mai kyansa ba, hamsin kuma suka ce ya ɗan gaza, zai tashi da kashi 50. Wato tsarin yana fifita fim ɗin da bai ɓata wa kowa rai ba, yana danne wanda ya raba kan jama'a. Batman v Superman na cikin rukuni na biyun. Matsakaicin makin da masu sharhin suka ba shi yana wajen 5 cikin 10, a shafin Metacritic kuma 44 cikin 100. Ba abin alfahari ba ne, amma ya yi nisa da abin da mutum zai ɗauka idan ya ga ashirin da wani abu.

Masoya sun karanta lambar a matsayin cin mutunci, abokan hamayyarsu na ɓangaren Marvel kuma suka mayar da ita bulala. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo ranar da aka lallasa wata babbar ƙungiya ya san yanayin: ba wanda ke maganar yadda aka taka leda, ci nawa aka yi kawai ake jifan juna da shi.

Gaskiya ne Disney ta sayi masu sharhi don su karya DC?

Wannan shi ne zargin da ya fi yawo, kuma ba a taɓa kawo masa hujja ba. Abin da ya ƙara masa ƙarfi a idon masoya shi ne, makonni shida bayan fitowar fim ɗin, Marvel ya saki Captain America: Civil War, shi ma labarin jarumai ne da suka juya wa juna baya, ya samu wajen kashi 90. Sai aka ce ai ga shi nan, labari iri ɗaya, hukunci daban.

Amma akwai abubuwan da zargin ya kasa haɗiyewa. Na farko, wa ke da Rotten Tomatoes? Warner Bros. ne ya mallake shi daga 2011. A Fabrairun 2016, wata guda kafin fim ɗin ya fito, ya sayar wa Fandango, kamfanin sayar da tikitin sinima na rukunin Comcast, ya kuma riƙe wani kaso. Disney ba ta da ko sisi a ciki. Kamfanin da ake cewa an yi wa maƙarƙashiya shi ne mai hannun jari a wurin. Har ma a Nuwamban 2017, da shafin ya jinkirta bayyana lambar Justice League, fim ɗin Warner da ya ɗora kan labarin Batman v Superman, zuwa dab da fitowarsa, zargin da aka yi masa shi ne yana rufa wa Warner asiri.

Sannan waɗannan marubutan dai su ne suka ɗaga The Dark Knight na 2008 sama da kashi 90, suka yi wa Wonder Woman haka a 2017, shekara guda kacal bayan rigimar. Dukansu na DC ne. Su ne kuma suka bar Eternals na Marvel ƙasa da kashi 50 a 2021. Idan an saye su, to cinikin bai yi wa mai saye rana ba.

To ke nan ba a taɓa sayen mai sharhi ba?

An taɓa, amma ba yadda ake zato ba. A Satumban 2023 mujallar Vulture ta wallafa binciken da ya nuna wani kamfanin tallata fina-finai yana biyan wasu ƙananan marubuta 'yan daloli don a ɗaga lambar ƙananan fina-finai, irin waɗanda sharhi biyar ko shida ke iya juya musu lissafi. Fim mai sharhi sama da 400 ba a juya shi ta haka.

Abin da manyan kamfanoni ke yi ya fi wannan wayo, kuma ba laifi ba ne a doka. Sukan fara nuna fim ga waɗanda suka san za su so shi, su gayyace su bikin buɗewa, su ƙayyade ranar da za a saki sharhi. Lambar farko sai ta fito da ƙiba, a sayar da tikiti, daga baya ta sauko. Warner na yi, Disney na yi.

Fim ɗin ya tara kuɗi masu yawa. Wannan bai ƙaryata masu sharhi ba?

Ya tara sama da dala miliyan 870 a duniya, kuma a ƙarshen makonsa na farko ya samu miliyan 166 a Amurka da Kanada kaɗai. Masoya sun yi ta nuna wannan a matsayin amsa.

Sai dai makon farko ba ya auna kyan fim, yana auna talla ne da ɗokin jama'a, don yawancin masu shiga ba su san abin da za su tarar ba. Mako na biyu ne ke nuna abin da waɗanda suka kalla suka koma gida suka faɗa wa 'yan'uwa. A nan kuɗin ya faɗi da kusan kashi 69. Kamfanin CinemaScore, mai tambayar 'yan kallo a bakin ƙofar sinima daren farko, ya ba shi B. A fim irin wannan, da masoya ne ke cika kujeru a daren farko, B alamar gargaɗi ce. Civil War ya samu A, ya kuma wuce dala biliyan ɗaya. Fim ɗin da ya haɗa Batman da Superman da Wonder Woman ya kasa kai biliyan, kuma ba masu sharhi ne suka hana mutane komawa karo na biyu ba.

Duk da haka kuɗi da sharhi ba dole su tafi tare ba. Venom na 2018 ya sha suka, lambarsa na wajen kashi 30, ya tara sama da miliyan 850, masu kallonsa kuma ba su damu da su yi faɗa da kowa ba.

Da gaske an nemi a rufe Rotten Tomatoes?

An nema. A Agustan 2016, da Suicide Squad, wani fim ɗin DC na darakta David Ayer, ya sha irin wannan kaye, wani matashi daga Masar ya buɗe takardar koke a Change.org yana neman a rufe shafin, dubban mutane suka sa hannu. Abin dariyar shi ne fim ɗin bai ma fito ba tukuna, don haka masu kare shi ba su gan shi ba. Ba a rufe komai ba. Fim ɗin ya tara sama da miliyan 740, ya kuma ci Oscar ta kwalliya da gyaran gashi.

Da wannan fim aka fara irin wannan faɗa?

Ko kusa. A Yulin 2012, kwanaki kafin fim ɗin Batman mai suna The Dark Knight Rises ya fito, wani mai sharhi, Marshall Fine, ya rubuta sharhin farko da ya kushe shi. Aka yi masa ca da zagi da barazanar kisa, aka yi wa Christy Lemire ta kamfanin dillancin labarai na AP irin haka, har Rotten Tomatoes ya rufe wurin da masu karatu ke tofa albarkacin bakinsu. Nan ma ba wanda ya kalli fim ɗin cikin masu zagin. A shekarar dai Samuel L. Jackson, ɗaya daga cikin 'yan fim ɗin The Avengers, ya fito a Twitter ya ce a nema wa A. O. Scott na jaridar New York Times wani aikin, saboda bai yaba The Avengers yadda ake so ba. Wannan na Marvel ne. Cutar ba ta gida ɗaya ba ce.

Su 'yan fim ɗin ya suka ji?

Akwai wata hira da aka yi da Cavill da Affleck a makon fitowar fim ɗin. Mai tambaya ya kawo maganar sharhin da ake yi, Cavill ya shiga amsawa a natse, Affleck kuwa na gefe ya zuba wa ƙasa ido, fuska a sake, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wani ya matso da hoton kusa, ya ɗora waƙar baƙin ciki a kai, cikin kwana biyu bidiyon ya zagaye duniya.

Ashe ba ƙuri'ar masu kallo ce ta fi gaskiya ba?

Da haka ne da an huta. Ƙuri'ar masu kallo a intanet ta waɗanda suka ga damar zuwa su kaɗa ce, kuma waɗanda suka fi zuwa su ne masu tsananin so da masu tsananin ƙi. Wanda ya kalla ya ce ba laifi, ya wuce abinsa.

Sannan ga taron dangi. A farkon 2018 wani rukuni a Facebook ya shirya yi wa Black Panther ruwan ƙananan maki tun bai fito ba, Facebook ya rufe rukunin. A 2019 aka yi wa Captain Marvel haka, saboda haushin wasu kalamai na jarumarsa Brie Larson. Dole Rotten Tomatoes ya hana rubuta ra'ayi kafin fim ya fito, sannan a watan Mayu na shekarar ya fara fifita ƙuri'ar waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Fina-finan biyu kowanne ya wuce dala biliyan ɗaya.

Hayaniyar intanet ta taɓa yaudarar kamfani ma. A 2022 aka yi ta barkwanci da fim ɗin Morbius, kamfanin Sony da ya yi shi ya ɗauka so ne, ya mayar da shi sinimomi kusan dubu, kujeru suka kwana babu kowa.

Babu inda masoyan ke da gaskiya ke nan?

Akwai, kuma ba ƙarami ba. Binciken da jami'ar Southern California ta fitar a 2018 kan sharhin manyan fina-finai ɗari na 2017 ya nuna kusan kashi 78 na sharhin maza ne suka rubuta, kashi 82 kuma farar fata. Idan taron da ke yanke hukunci ya yi kama da juna haka, ba mamaki ɗanɗanonsu ya zo ɗaya. Rotten Tomatoes da kansa ya faɗaɗa ƙofar shiga a shekarar.

Haka kuma mutumin da aikinsa kallon fim kusan kullum ba ya shiga sinima da zuciyar wanda ya girma da waɗannan littattafai. Wanda ya karanta labarin tsohon Batman da Frank Miller ya zana a 1986, ko mutuwar Superman ta 1992, yana ganin abubuwa a fim ɗin Snyder da ɗayan ba zai gani ba. Wasu marubutan kuma, a faɗi gaskiya, sun ji daɗin sukar fiye da kima, suka koma gasar wa ya fi iya baƙar magana. Da fitaccen darakta Martin Scorsese ya ce a 2019 fina-finan Marvel sun fi kama da wurin wasan yara, ya faɗi abin da wasu masu sharhi suka daɗe suna ɓoyewa, masoya kuma sun daɗe da shinshino shi.

Hujja mafi ƙarfi ita ce doguwar sigar fim ɗin da aka saki a tsakiyar 2016, mai ƙarin minti 30. A ciki an ga yadda Luthor ya ƙulla makircinsa daki-daki, an ga Clark Kent, wato Superman a shigarsa ta farar hula, yana aikin jarida yana binciken Batman. Wasu da suka kushe na sinima sun yarda wannan ya fi ma'ana. Amma a lura, wannan laifin Warner ne da ya datse fim ɗin. Mai sharhi abin da aka nuna masa ya auna.

Me ya haɗa wannan da fafutukar Snyder Cut, ta neman a saki Justice League yadda Snyder ya tsara shi?

Ita ce 'yar wannan rigima. Sukar 2016 ta firgita Warner, ya shiga sa baki a Justice League. A Mayun 2017 Snyder ya bar aikin bayan rasuwar 'yarsa, aka kawo Joss Whedon ya sake ɗaukar sassa da yawa, ya cusa barkwanci, aka matse fim ɗin zuwa awa biyu. Ya fito a Nuwamba, bai gamsar da masu sharhi ba, bai gamsar da masoya ba, ya tsaya wajen dala miliyan 658.

Masoya suka dage cewa akwai ainihin aikin Snyder a ajiye. An yi musu dariya sama da shekara biyu. Suka yi karo-karo suka ɗauki hayar ƙaramin jirgi ya yi ta shawagi da ƙyalle a saman Comic-Con, babban taron masoya labarin zane na San Diego, a Yulin 2019, suka sayi allon talla a dandalin Times Square, suka tara dubban ɗaruruwan daloli ga wata gidauniyar yaƙi da kashe kai don tunawa da 'yar Snyder. A Mayun 2020 Warner ya miƙa wuya, lokacin yana neman abin da zai ja mutane zuwa sabuwar manhajarsa ta HBO Max. Aka ƙara kashe wajen dala miliyan 70, fim ɗin ya fito ranar 18 ga Maris 2021, awa huɗu da minti biyu.

Masu sharhin da aka ce sun tsani Snyder sun ba shi sama da kashi 70.

Fafutukar tana da nata dattin. Ma'aikatan Warner da 'yan jarida sun sha zagi da barazana, kuma a 2022 mujallar Rolling Stone ta ruwaito cewa binciken cikin gida na kamfanin ya gano aƙalla kashi 13 na shafukan da ke yayata maganar na bogi ne. Snyder ya musanta cewa shi ke juya su. Ko an cire na bogin, mafi yawa mutane ne na gaske, kuma abin da suka ce yana nan ya tabbata yana nan.

Ina aka kwana yanzu?

Warner bai ci gaba da shirin Snyder ba. A Oktoban 2022 ya naɗa James Gunn da Peter Safran su jagoranci fina-finan DC, a Disamba aka tabbatar Cavill ba zai dawo ba. Sabon Superman, da David Corenswet, ya fito a Yulin 2025, masu sharhi suka karɓe shi da sama da kashi 80. Wasu masoyan Snyder suka koma gefen da suke zagi a da, su ne masu kushe, masoyan Gunn ne masu kare nasu.

Wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba, wace siga zai nema?

Doguwar, mai awa uku da 'yan mintuna. Ta fi jini da duka, don haka ba ta yara ba ce. Zai fi kyau a fara da Man of Steel na 2013, domin rugujewar birnin Metropolis a ƙarshensa ita ce dalilin da ya sa Batman ya ƙullaci Superman tun daga farko.